Nazarin Lamari: Malamin Ƙauye, Tsohon Keke da Hanyar Gefen Kanal a Ƙasar Kura

Wannan nazari ya shafi wani malamin makarantar firamare, magidanci mai matsakaicin shekaru, wanda yake zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Kura ta jihar Kano, yake kuma koyarwa a wata makaranta da ke kudu da su, kusa da iyakar Garun Malam. An sakaya sunansa da sunayen ƙauyukan biyu, domin abin da ake son fahimta shi ne yadda ya shawo kan matsalar zuwa aiki, da kuma gudummawar da wasu mahaya keke na yankin suka ba shi. Babu titin mota da ya haɗa gidansa da makarantar kai tsaye. Tsawon shekaru yakan hau acaɓa zuwa bakin titin Kano zuwa Zariya, ya shiga motar haya na ɗan gajeren zango, sannan ya nemi wani acaɓan da zai shiga da shi ciki, idan an tashi kuma ya maimaita haka zuwa gida.

Wannan tsari ya rushe bayan ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 600 a watan Yuli na wannan shekara, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haye naira 1,000. 'Yan acaɓa da direbobi ba su da yadda za su yi illa su ƙara kuɗi, alhali dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ba a sa mata hannu ba sai a Yulin 2024. A cikin wannan tazara kuɗin mota ya fara cinye abin da malamin yake ware wa cefane, har ta kai idan wata ya yi nisa yakan rasa abin da zai hau da shi, ya zauna a gida, ajinsa kuma ya wuni babu mai koyarwa. Wannan ita ce asarar da ta fi damuna a lamarin, domin yaron ƙauyen da ya tako da ƙafa ya tarar babu malami, ba a daɗewa iyayensa suke tura shi gona ko talla.

Akwai wani tsohon keke ƙirar Raleigh na mahaifinsa da ya daɗe a rataye cikin soro, irin mai manyan ƙafafu na inci 28 da birkin ƙarfe, wanda ba shi da giya. Sauko da shi bai yi masa wuya ba, amma hawansa a bainar jama'a ya yi masa nauyi ƙwarai. A zamanin mahaifinsa keke abin alfahari ne ga ma'aikaci, kuma malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti duk da shi aka san su. Yau kuwa idan aka ga mai albashi a kan keke, abin da ake fara raɗawa shi ne ya karye. Malamin ya san za a faɗi haka, kuma an faɗa. Duk wanda ke son fahimtar dalilin da ya sa ma'aikata da yawa a karkara suka gwammace su ci bashi su sayi mai a kan su taka feda, dole ya ba wannan kunya muhimmancin da ya ba nisan hanya.

Hanyoyi biyun da ya fara gwadawa

Da aka sa wa keken sababbin tayoyi aka shafa wa sarƙa mai, sai ya ɗauki hanyar da ta fi kusa, wato burtalin da ya ratsa gonakin tudu, wanda tun yana yaro ya san shi da ƙafa. Abin da mai tafiyar ƙafa ba ya lura da shi a burtali shi ne yawan rairayi, domin ƙafa tana nitsewa ta fita, amma siririyar taya idan ta shiga sai gaban keken ya karkace, mahayi ya sauka ya tura. Ga kuma tsidau da ke kwance a gefen hanya, da ƙayar bagaruwa da ta aduwa da manoma ke shinge da ita, wadda iska da dabbobi ke watsowa tsakiyar hanya. Faci ya zame masa abin kusan kullum. Da safe kuma lokacin da yake sauri ne garken shanu ke fitowa kiwo, kuma burtali nasu ne tun asali, mai keke ba shi da ta cewa sai ya raɓe ya jira. Yakan isa makaranta a makare, rigarsa jiƙe da gumi, ya shiga aji a gajiye.

Daga nan ya koma kwalta. Titin Kano zuwa Zariya yana da santsi, keke yana gudu a kansa ba tare da wahala ba, sai dai titi ne na tirela da tanka da motocin da ke zuwa Kaduna da Abuja a guje, kuma babu wani gefe da aka keɓe wa mai keke. Iskar da babbar mota ke turowa idan ta gifta ta isa ta jefa mutum cikin kwata. A lokacin tumatir, daga wajen Janairu zuwa Maris, cunkoson ya fi tsanani saboda manyan motocin da ke lodi a kasuwar Kwanar Gafan. Bayan wata tirela ta matse shi har ya faɗa gefen titi ya kurje gwiwa, iyalinsa suka roƙe shi ya haƙura da keken, shi ma ya kusan yarda.

Rumfar mai faci

Keken da ya lanƙwashe ne ya kai shi wurin wani dattijo mai gyaran keke, wanda rumfarsa take ƙarƙashin darbejiya a bakin kasuwar ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu. Dattijon ya dubi yawan facin da ke jikin tiyub ɗin da kuma lanƙwasar ƙafar gaba, ya gane hanyoyin da aka bi ba tare da an gaya masa ba. Ya ce, "Malam, wa ya nuna maka hanya?" Malamin ya amsa, "Baba, ai ni ɗan nan ne, na san hanyoyin." Dattijon ya ce, "Ka san ta ƙafa, ka san ta mota. Gobe in Allah ya kai mu ka zo nan bayan sallar asuba, akwai masu yin wajenku."

Waɗanda ya tarar washegari mutane ne da bukata ta haɗa: leburorin injin casar shinkafa, masu sarin kayan miya da ke ɗora kwanduna a kariya, wani ma'aikacin ƙaramin asibiti, da 'yan makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo. Ba su da suna, ba su da rajista, ba su da shugaban da aka zaɓa, ko da yake maganar dattijon ita ce ke raba gardama. Amma suna da ƙa'idojin da kowa ya sani. Ba a wuce ɗan'uwa a hanya idan ya yi faci ko sarƙarsa ta tsinke. Ana zuba adashi duk Juma'a, wanda ya ɗauka kuma yawanci taya ko sirdi ko sabon keke yake saye. Akwai ɗan asusu na dabam da ake sayen sholisho da robar faci da giris da shi, akwai kuma famfo da sifana da ake ajiyewa a rumfar, kowa ya ara ya mayar. Masu babbar waya a cikinsu suna da zaure a WhatsApp inda ake tura saƙon murya idan wata hanya ta yanke, sai dai yawancin labari da baki yake yawo, a rumfar ko a kan hanya.

Shigarsa cikinsu ba ta zo da sauƙi nan take ba. Sun girmama shi, suna ba shi benci su zauna a ƙasa, suna rage hira idan ya iso, kuma wannan girmamawa ita ce ta riƙa raba shi da su. Shi ma sai da ya daure ya karɓi gyara daga wani matashin lebura da bai kai shekarun ƙaninsa ba, wanda ya gaya masa cewa sirdinsa ya yi ƙasa da yawa, shi ya sa gwiwa ke masa ciwo, ya ɗaga shi yadda ƙafa za ta kusan miƙewa idan feda ta sauka. Matashin ne kuma ya koya masa cewa tayar da ba ta sha iska sosai ba tana cizon tiyub idan ta daki dutse, ya ɗaure bakin wandonsa na dama kada sarƙa ta ci shi, ya naɗe kaftaninsa a leda ya sa idan ya isa. Abin da ya kammala shigar da shi ciki shi ne littafin adashi. An sha samun saɓani a kan wanda ya zuba da wanda bai zuba ba, sai ya ɗauki nauyin rubutawa, kuma tun daga lokacin ya zama mai ba da wani abu, ba mai karɓa kawai ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a nan 'yan garin su ne waɗanda suka daɗe suna taka feda a wannan ƙasa.

Hanyar kanal

Hanyar da suka nuna masa tana bin gefen magudanan ruwan noman rani. Ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam tana cikin shirin ban ruwa na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Ruwan yana tahowa ta babban kanal, ya rabu zuwa reshen gabas da na yamma, sannan ya rarrabu cikin ƙanana har ya isa gonaki. A gefen manyan kanal ɗin an yi hanyar burji domin masu duba ruwa da gyara. Tun da ruwan da kansa yake gangarawa ba tare da inji ba, sai da aka shimfiɗa kanal ɗin da gangare kaɗan ƙwarai, don haka hanyar da ke gefensa kusan a miƙe take, babu hawa babu sauka. An kuma ɗaga gaɓar sama da gonaki, an danne ƙasarta, saboda haka ba ta da rairayi irin na burtali, ruwan sama ma ba ya daɗewa a kanta. Ga keken da ba shi da giya, da wuya a sami abin da ya fi wannan.

Duk da haka, wanda bai sani ba zai iya wuni yana zagaye, domin kanal yana bin yanayin ƙasa ne, yana lanƙwasa yadda tudu ya tilasta masa, kuma gadojin tsallakawa suna da tazara a tsakaninsu. Wanda ya kama gaɓar da ba ita ba, ko ya wuce gadar da ya kamata ya hau, zai hango makarantarsa a tsallake amma ba shi da ta inda zai bi. Taswirar waya ba ta taimaka sosai a nan, domin ko ta nuna layi ba za ta faɗi cewa gaɓar hagu ta zaizaye ba, ko cewa wata gada ta masu ƙafa ce kawai. Shi ya sa al'adar mutanen rumfar ita ce sabon shiga ya bi bayan tsohon hannu har sai ya haddace alamomi: itacen gawo da ake karya kwana a gindinsa, ƙofar ruwa mai tsatsa, masallacin da ke bakin gada. Hanyar ta fi burtali tsawo, amma lokacin da take ci ya fi kaɗan, kuma abin da ya fi muhimmanci ga mai aikin da ake kaɗa ƙararrawa shi ne lokacin ba ya canzawa daga yau zuwa gobe.

Saura wani ɗan yanki tsakanin kanal da makarantar, wanda ya bi ta gefen gonar wani mutum ya kuma wuce bayan gidaje. Mutanen rumfar ba su yarda a bi shi haka kawai ba. Dattijon da malamin suka je wurin mai unguwa, shi kuma ya kira mai gonar, aka amince da sharaɗin cewa za a sauka a tura keke idan an zo daidai gidajen saboda matan aure, kuma idan shuka ta tashi za a daina bi sai bayan girbi. Na ɗauki wannan mataki a matsayin ɗaya daga cikin mafi hikima a lamarin gaba ɗaya, domin da an bi ba izini da wata rana za a wayi gari a tarar an toshe wurin da ƙaya.

Sai da shekara ta zagayo malamin ya gane cewa hanyar tana sauya hali da sauyin yanayi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take tasowa, don haka da safe tana bayansa tana tura shi, a dawowa kuma yana fuskantarta da ƙurarta, sai ya rufe hanci da rawani ya ƙara lokaci a lissafinsa. A tsakiyar noman rani manoman tumatir da albasa da alkama suna shimfiɗa tiyon injin ban ruwa a tsallaken hanya, suna jera kwanduna, kurkura kuma tana tsayawa lodi, kuma ƙa'ida ita ce a ɗaga keke a tsallake tiyo, kada a taka. Da bazara zafi yakan haura digiri 40, makaranta kuma da tsakar rana ake tashi, shi ya sa a azumin 2024 da na 2025, waɗanda suka faɗo cikin Maris da farkon Afrilu, ya riƙa zama a inuwar makaranta yana duba littattafan yara har la'asar ta yi sanyi kafin ya kama hanya.

Damina ce ta fi gwada su. Inda hanyar ta sauka kusa da fadamun shinkafa ƙasar laka ce, tana liƙewa tsakanin taya da madigadi har ƙafar keke ta daina juyawa, birkin ƙarfe kuma idan ya jiƙe ba ya kamawa da wuri. A irin wannan wuri mutum yakan so ya tuɓe takalmi ya saɓa keke ya ratsa ta ruwa. Ma'aikacin asibitin da ke cikinsu ya hana, yana tuna musu cewa ruwan kanal da na fadama mai tafiya a hankali shi ne mazaunin ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ta jawo fitsarin jini. Saboda haka a watan Agusta suna da hanya ta biyu mai zagaye, wadda ta haɗa da ɗan guntun kwalta, ranar da aka kwana ana ruwa kuwa malamin yakan bar keken a rumfa ya hau acaɓa. Da kaka matsalar mai sauƙi ce: ana shanya shinkafa a kan duk wani wuri mai tauri, kuma wanda ya bi ta kan shanyar mutane ya jawo wa dukan masu keke baƙin jini.

Abin da aka samu da abin da ya rage

Sakamakon da ya fi fitowa fili shi ne malamin ya daina fashin aiki saboda rashin kuɗin mota, kuma abin da yake kashewa a faci da mai da sauyin taya bai kama ƙafar abin da yake biyan 'yan acaɓa ba. Raɗe-raɗin karyewa ya mutu da kansa, musamman da wani abokin aikinsa ya shiga adashin ya sayi keken gwanjo mai giya. A kan wannan ma dattijon ya yi gargaɗi, cewa kayan gyaran irin waɗannan kekuna sai an shiga Kano, alhali na Raleigh da Phoenix ana samunsu a kowace kasuwar ƙauye.

Akwai wuraren da nake ganin mutanen rumfar sun gaza. Babu mai sa hular kwano a cikinsu, kuma kaɗan ne ke da fitila ko abin da ke ƙyalli a baya, ga shi da hunturu cikin duhu da hazo ake fita. Wasu kuma idan sun hau kwalta sukan bi hannun da ke fuskantar motoci, da hujjar cewa gara su ga abin da ke tahowa. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma mai keke ma a hannun dama ya kamata ya kasance, domin direban da zai shigo titi ko zai karya kwana ba ya duba wajen da bai zaci abin hawa zai fito ba, karon gaba da gaba kuma ya fi muni. Malamin ya sha faɗa musu haka, wasu sun ji, wasu ba su ji ba.

Wannan mafita kuma ba ta kowa ba ce. Malamai mata da ke koyarwa a ƙauyukan nan suna fama da tsadar mota iri ɗaya, amma al'adar yankin ba ta saba da ganin matar aure a kan keke ba, kuma babu abin da rumfar mai faci ta iya yi musu. Haka ma dattawa masu ciwon gwiwa, da waɗanda aka tura makarantun da ke wajen yankin ban ruwa, inda babu gaɓar kanal sai jigawa. Abin da hukumomi za su iya yi ba mai tsada ba ne: a ba malaman karkara keke bashi a riƙa cira a albashi kaɗan-kaɗan, a yi rumfa mai ƙarfen ɗaure keke a makarantu, a kuma riƙa la'akari da masu keke duk lokacin da za a gyara hanyoyin gefen kanal, tun da su ne suka fi kowa bin su a kullum.

A halin da ake ciki, wani kwalbati da ke tsakiyar hanyar ya fara zaftarewa tun daminar da ta wuce, har sai an sauka an tura keke ta gefe ɗaya. Mutanen rumfar sun yi aikin gayya sun cika buhuna da ƙasa sun tare bakin ramin, malamin kuma ya rubuta takarda da sa hannun mai unguwa zuwa ga shugabannin manoman da ke shan ruwa a wannan reshe, domin su miƙa ta gaba. Idan ba a gyara shi kafin ruwa ya sauka ba, sun riga sun yanke shawarar komawa hanyar zagaye tun daga watan Yuni, wanda ke nufin za a riƙa tashi daga rumfa da zarar an sallame sallar asuba.